Wa Zai Sha a Rijiyar Tanko

Gaba goma sha huɗu nike ƙarƙashin ƙasa sa'ad da rairayi ya fara zubo mini a ƙeya. Ba da yawa ba, siriri, kamar ana tsiyayar gero daga ƙwarya. Duk mahaƙin rijiya ya san wannan zubar. In ƙasa ta faɗo dunƙule, ba komi, wani ne ya taka baki can bisa. In ko ta zubo siriri ba ta yankewa, ɗaurin itace ne ya saki, kuma abin da ke bayanshi na tahe.

Na ja igiya sau ukku. A aikinmu ja ɗaya a ɗauke guga ke nan, ja biyu a dakata, ja ukku a hidda mutum yanzu-yanzu. Shiru. Na ɗaga kai, ga bakin rijiya can nesa kamar faifai, ba kan kowa a jikinshi. Mutum biyu na bari bisa igiya, ɗiyan ƙanen Maigari Tanko, duk sun tashi. Muryoyi kawai nike jiyowa, ana gardama, kuma wadda ta hi tashi ta Mushe Abdu ce, malamin boko da ya koma wakilin fartin siyasa, wanda munka zauna benci guda da shi a lakwal, makarantar Nasara. Abin da ya iso mini ƙasa shi ne, "Nan da shekara goma..."

Shekara goma ina, ni da rairayi ya riga ya ruhe mini idon sawu.

Na zarga igiya ƙarƙashin hammata, na yi kira. Rijiya mai zurhi ba ta hidda murya, mai da ma mutum abinshi take. Rairayi ya kai gwiwa. Na juya in ɗauki dagi, dagin maigidana Baba Nomau, wanda ya gada wurin ubanshi. Na kahe shi a gehe, ƙasa ta ci shi saura kamar taƙi guda. Na kama da hannu biyu ina girgizawa. Sai igiya ta tsuke mini ƙirji ta hizge ni, hizgar da ba ta mutum ba ce. Dagi ya kuɓuce. Banten da ke jikina ma can ya zauna.

Na hito ina gugar itace da baya, na faɗi bisa rairayi. Can nesa wani jan bijimi na ta tahiya da igiya ɗaure a jikinshi, Ardo Buba na bayanshi da sanda. Shi ba ya cikin masu aikina. Ya biyo ne da salkunan ruwa daga Rumbu, ya tsaya jin surutu. Amma makiyayi ko ina ya tsaya, in da rijiya kusa, idonshi na bisa igiya. Shi kaɗai ya ga tana rawa a gwafa. Ban gama mai da numfashi ba rijiyar ta yi gunji daga ciki, ƙura ta taso ta bakinta.

Taro duka ya juyo kaina. Inna Hajo, yayar Maigari, ta kwance mayahinta ta jeho mini.

"Rufa, ɗan nan. Taron farti ne."

Ardo ya dawo shina naɗe igiya a gwiwar hannu. Ya ce, "Mahaƙi, haka kuke hitowa gaida baƙi?"

Ku samarin da ke tare ni ranar kasuwar Dakoro kuna cewa, Lawali ɗauke mu aiki, ai rami ne, kowa ya iya rami, ku nike ba labarin ga. Shekarata goma sha ɗaya a sana'ar, kuma ran nan ƙasa ba ta yi mini komi ba. Ni na jawo da wayon kaina.

Ni ma da raini na shigo. Gardi ya kamo ni lakwal ta Maraɗi ina ɗan shekara takwas, na yi aji ukku na gudu, don zama wuri guda ya hi mini bulala ciwo. Na juya keken tela wata biyu. Na yi karen mota a kamyon gyaɗa har direba ya gaji da bakina. Na yi tallar goro, na cinye rabi. Wata rana na tsaya inda Baba Nomau ke haƙa bayan bariki, ina cewa da ni ne da na kai ruwa tun jiya. Ya hito daga rami fari fat da ƙasa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Mai baki, riƙe igiyar ga." Shekara biyu na riƙe ta kahin ya bar ni na sa ƙafa ciki. Cewa ya yi wanda bai iya tsayuwa bisa ba, ba shi da ikon sa wani ya tsaya mishi.

Kayan aikin ba su da yawa, jaki guda na ɗauke su. Akwai dagi, ƙarhe mai baki kamar harshen sa, shi ke fasa marmara. Wanda nike riƙe yanzu Baba ne ya sa ƙanenshi maƙeri ya ƙera mini, ya kuma sa anka yi mishi tsaga goma sha huɗu a ƙota, daidai inda tahin hannuna ke sauka. Akwai ƴar galma mai gajeruwar ƙota, don cikin rami ba wurin ɗaga hannu. Akwai wasaki, gugar fatar sa, na kwashe ƙasa. Akwai igiya, wadda kullum da sahe sai an bi ta da hannu gaba-gaba, don daga ciki take ruɓewa, waje na nuna lahiya. Sai sandar awo. Ita ba ta da kyan gani, reshen aduwa ne da anka yanke daidai faɗin rijiyar. Kowace gaba ka sauka sai ka kwantar da ita ka juya ta zagaye. In ta taɓa bango nan da nan, ka ci gaba. In ta yi lilo, ka tsaya ka gyara. Bayan haka a jera itacen marke, kan wannan bisa kan wancan, a cusa gamba a bayansu ta tare rairayi. Shi ne ɗauri.

Wata rijiya a Ɗan Gulbi ita ta koya mini tsoron iska. Mun kai gaba ishirin, da sahe Baba ya zura hitila kamar kullum, ta mutu tun ba ta kai ƙasa ba. Ya ce yau ba shiga. Masu rijiya sunka fara gunaguni, wai ƙiwa ce, mun ci tuwonsu mun ƙoshi. Baba ya kama zakaran mai yawan maganar, ya sa a wasaki ya zura. Da anka jawo shi wuya ya langaɓe. Munka ɗaura rassan kalgo masu ganye a igiya, muna zurawa muna jawowa har azahar, sannan hitila ta yarda ta ci. Zakaran ya farfaɗo da la'asar, amma bai ƙara cara ba har munka bar garin.

Shekarar da damina ta ƙi, a Tagris ta same mu. Ba mai haƙa sabuwa, yasa kawai muke yi, mu shiga tsohuwar rijiya mu bi ruwa da ke gudu ƙasa. Anza munka ci, ƴaƴan itacen daji, a jiƙa ta kwana ukku a zubar da ɗacin, a dafa. Wanda ya kira ka aiki ba shi da abin ba ka sai nonon akuya guda, ita ma tana tangaɗi. A shekarar nan na fara lura da abin da daga baya ya kusa kashe ni. Na ga Buzaye da raƙumansu sunka ƙare suna roƙon irin gero, suna koyon riƙon hauya ana yi musu dariya. Na ga Adarawa na gangarowa da tukwane bisa jakai. Da ruwa ya dawo kuma, sai ga manoman kudu da gyaɗa ta gajiyar ma ƙasa suna hawowa arewa gida-gida, kuma duk wanda ya yi girbi mai kyau sau ɗaya, karsana yake saye ya ba makiyayi kiwo. Mahaƙi ya kan riga kumandan na bariki sanin inda mutane za su. Mu ake kira tun ba a kafa bukka ba.

To ga al'adar da ya kamata ku sani. In za a fara rijiya, mai ita ya riƙe turke a tsakiya gaban shaidu, mahaƙi ya ɗaura igiya ya zana zagaye. Wanda hannunshi ke bisa turke ran nan shi ke da ruwan fari, shi ke fara ɗiba, shi da jikokinshi. Faɗi ma nan ake yanke shi. Rijiyar gari kamu biyu ce, mata su ja da hannu. Rijiyar garke kamu huɗu, a kafa gwafa huɗu, shanu su ja. Mai kamu biyu ba ta shayar da garke ko an yini ana ja, saboda haka makiyayi na ganin bakinta ya san ba a gayyace shi ba. In an zana kuma an zana.

Maigari Tanko ya hawo daga kudu da gida tara, ya sauka arewa da Rumbu, tahiyar rabin yini, a wani kwari inda mutanen Ardo Buba ke cin rani tun kakanni. Ya aiko a kira Baba. Lokacin gwiwoyin Baba sun kumbura, ko masallaci da sanda yake zuwa. Ya kira ni ɗaki, ya jawo dagi daga ƙarƙashin gado ya aza mini a cinya. Aikina na fari ke nan ni kaɗai.

"Ka tahi da sunana," ya ce. "Sanda ta hi ka hankali. Kowace gaba ka juya ta."

Tanko ya riƙe turke, ya ce kamu biyu. Na zana kamu biyu.

Shekarar ce anka fara ba kowa kartin wote, mace da namiji, ba sarakuna da ma'aikata kaɗai ba. Farti biyu ke yawo a ƙasarmu. Masu jan karti, ƴan kasuwa da ma'aikatan gari da manoman gyaɗa ke binsu. Masu shuɗin karti, sarakuna ke tare da su, da shugabannin makiyaya. Mushe Abdu na jan karti ne. Shi ya gama lakwal, ya koyar, ya ajiye alli ya shiga farti. Ina gaba ta bakwai ya fara zuwa, ya same mu da azahar gindin aduwa, ni da Maigari, muna shan hura.

"Lawali, kai ke yi muna aiki ba ka sani ba," ya ce. Ya share ƙasa da tahin hannu shina zane da tsinke. "Kowace ƙaramar rijiya gari ce, kowane gari akwatin wote ne. Kudu ta cika, mata na haihuwa, gonaki ba su haihuwa. Ina za su? Nan. Nan da shekara goma gero ya kai Tagris. Masu shuɗi da sarakunansu, wa zai rage musu? Mutanen da ba su kwana biyu wuri guda? Su ba su wote, ranar wote suna bayan saniya. In Nasara ya tahi, arewa tamu ce, kuma wanda ya riƙe arewa da kudu ya riƙe ƙasa."

Na ce, "Mushe, ka taɓa cin anza?"

"Me ya kawo anza?"

"Damina guda ta ƙi, rabin waɗanda ka zana sun koma inda sunka hito. Masu zama su ne masu akuya da saniya. Makiyayan da kake cewa ba su zama kuma, ni na gan su suna zama. Nan da shekara goma ba ka rarrabe manomi da makiyayi a kwarin ga sai ka tambayi sunan kakan mutum. Fartinku na masu gona, nasu na masu garke, to mai gona da garke fa, wa zai bi? Duk biyun sai sun wargaje an sake zubi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya dubi Maigari ya ce, "Ka ji aji ukku na magana."

Tanko ya kurɓi hura ya ce, "Ni dai kamu biyu na ce. Ban baro shanun Hillanin kudu ba don in kira na arewa."

Aji ukkun nan ne ya ci ni. Kwana biyu ina sara ƙasa ina jin shi. Na ce a raina, rijiyar ga sai ta shayar da garke, ko Tanko ya so ko bai so ba, kuma Mushe sai ya gani da idonshi. Daga gaba ta takwas na bar sandar awo bisa. Kowace gaba in ƙara faɗi da yatsa huɗu, yatsa biyat. Dabarata ita ce in na kai ruwa in ce ma Maigari ƙasa ta ƙi ƙaramin baki, dole a sassabe bisa ya yi daidai da ƙasa. Itacen da anka saro na kamu biyu ne, ya zamana kawunansu da ƙyar suke hawa juna. Na riƙa ƙara gamba ina cusawa. Rijiya mai ƙaramin baki da babban ciki tulu ce, kuma ba a gina tulu da rairayi. Na sani. Tun ina bisa igiya na sani.

Ran da Mushe ya dawo da kamyo da kartuna ya tara gari, ran nan tulun ya fashe.

Bayan ƙura ta kwanta anka koma gindin aduwa. Ina zaune ɗaure da mayahin Inna Hajo, baya na zugi. Masu igiyar nan biyu na tsaye kai ƙasa, Maigari ya riga ya ce musu su tattara kayansu su koma kudu, ba shi zama da masu kashe baƙo. Sannan ya juyo wurina.

"Ƙasar ce ba ta da kyau, ko?"

Da na ce i, kowa zai yarda. Ƙasar kwarin sako-sako ce. Amma Ardo na zaune gehe shina juya wani abu a hannu, ya ɗaga shi.

"Ni ba mahaƙi ba ne," ya ce, "amma na ga an haƙa ma ubana biyu. Sandar awo me take yi bisa, mai ita na ƙasa?"

Na faɗi gaskiya, duka, har da dalili. Mushe Abdu ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi huskar Maigari, ya fasa.

Tanko bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wata biyu. Wata biyu matan garin ga na tashi da asuba zuwa Rumbu su dawo da azahar da tulu guda. Gida ukku sun riga sun ce mini in bazara ta shigo ba ruwa, sun tahi. In ukku sunka tahi, shida ba su zama. Ni na riƙe turke, kai ka yanke mini wanda zai sha? Gobe in aika Dakoro. Nomau ya san abin da ya aiko mini."

A sana'armu in anka aika ma maigidanka irin wannan saƙo, ka gama. Ba mai ƙara kiranka daga nan har Tawa.

Na ce, "Baba Maigari, ba ni wata. Taki ashirin gabas, ƙasar ba ta motsu ba. Yaran ga ma a bar su, laihinsu ƙarami ne bisa nawa."

"Ka gama kahin bazara?"

"Da jan hannu, a'a. Itace ma ya tahi ƙasa, kuma marke sai tahiyar yini guda."

"To me kake roƙo?"

Ardo ya gyara zama. "Bijimi huɗu gare ni da ba su aikin komi sai cin ciyawa. Su ja ƙasa, su jawo itace. Abin da hannu ke yi kwana ukku, su yi shi yini guda."

"A bakin me?"

"Hannuna bisa turke. Kamu huɗu."

"Shanunka su cinye mini gero."

"Ran da kake shuka ni ina arewa da Tagris. Ran da ka ɗaure dami in dawo, su ci kara su bar maka taki. Kai da ka baro kudu don ƙasa ta gaji, wa ke ciyar da ita can?"

Mushe ya matso. "Maigari, yi tunani. Mutanen ga na shuɗin karti ne. In sunka samu gindin zama nan, akwatin garin ga ya tahi, kuma haka za a yi ta yi kwari-kwari."

Ardo ya cire malafarshi, ya laluba cikin rufinta, ya hiddo karti biyu, ja da shuɗi, duk sun sha zufa.

"Wanne kake nuhi, malam? Wanga kai ka ba ni a kasuwar Rumbu. Wanga kuma dogarin sarki ya ba ni. Duk na gode. Suna tare rana."

Har Tanko sai da gemunshi ya motsa. Inna Hajo ce ta yi magana daga inda mata ke tsaye. Ita ta goye shi, ita kaɗai ke kiran sunanshi gatsal.

"Tanko, ka taɓa ɗauko tulu daga Rumbu?"

"Yaya, maganar maza ce."

"To gobe maza su ɗauko. Kai da mushenka, tuluna na nan bakin danga. Shi da ya san abin da za a yi nan da shekara goma, ya san hanyar Rumbu ai."

Tanko ya daɗe shina kallon ramin da ya ruhe. Sannan ya ce, "Saƙon Dakoro na dakatar da shi, sai na ga ruwa ko na ga bazara. Turke kuma, hannuna ne bisa, nashi ƙasa."

Ardo ya ce, "Na ƙasa ya hi kusa da ruwa."

Washegari na zana kamu huɗu, hannu biyu bisa turke, gari duka shaida. Na ari dagi wurin maƙerin Rumbu. Na yanke sabuwar sanda, kowace gaba sau biyu nike juya ta. Bijimai na jan wasaki, ƙasa na hita kamar ana kwasar tuwo. Yaran nan biyu sunka koma bisa igiya, ko kiran salla anka yi sai ɗaya ya jira ɗaya. Marke ya iso dogaye, kai na hawa kai da taƙi guda har da saura. A gaba ta ishirin da huɗu rairayi ya fara dunƙulewa a hannu. A ta ishirin da shida na ji sanyi a tahin ƙafa, na buga dagi, ramin ya cika da kanshi a hankali, ruwa fari, ba gishiri. Kwana arba'in da bakwai. Gawo bai gama zubar da ƴaƴa ba, zahin bazara na bakin ƙofa. Ba gidan da ya tashi.

Yau shekara ukku. Tungar Tanko ta ninka, har da Adarawa da Buzaye gida biyu. Maigari na da shanu cikin garken Ardo, ƙanen Ardo na da gona bayan gari, kuma kowace kaka sai sun yi faɗa bisa saniyar da ta shiga kahin a ɗaure dami, Inna Hajo ta raba. Gero bai kai Tagris ba, amma ya matsa. Fartin jan karti ya rabe biyu, rabi ya koma wurin masu shuɗi, sarakuna ma wasu sun sauya gindi. Mushe Abdu yanzu wani launi yake rabawa. In ya zo Dakoro gidana yake fara sauka, ya hiddo kaye, littahin rubutunshi, da alƙalami ya ce, "Aji ukku, ina da ina anka kira ka baɗi? Kamu nawa?" In faɗa mishi, ya rubuta, ya zana ƙasar a ƙasa, mu yi ta gardama har hura ta ƙare. Shi ya ce manoma za su rinjaya, ni in ce jira damina guda. Saura shekara bakwai mu ga wanda ya yi gaskiya. Ni dai na bar yanke ma rijiya wanda zai sha. Mai turke ya faɗi kamu, in zana, in juya sanda.

Saboda haka duk wanda ke son aikin ga cikinku, ya zo. Akwai igiya, shekara biyu.

Ran da ruwa ya hito, na san labarin faɗuwar ta fari ya riga ya kai Dakoro a bakin ƴan kasuwa, amma daga bakina bai kai ba. Baba ba ya karatun boko. Na samu wani Buzu mai raƙumi da za shi kasuwa, na cika ƴar gora da ruwan fari, bayan Maigari da Ardo sun sha, na liƙe bakinta da ƙaro. Na sa shi ya maimaita saƙon sau ukku kahin ya hau:

"A ce ma Baba Nomau, Lawali na gaishe shi, ya gwiwa. A ce mishi daginshi na ƙarƙashin ƙasa gaba goma sha huɗu, kuma ba laihin ƙasa ba ne, ni na ajiye sanda. A ce mishi sabuwar kamu huɗu ce, hannu biyu bisa turke, ruwa a gaba ishirin da shida, ga shi a gora ya ɗanɗana. In ya ga zai karɓe sunanshi daga kaina, ya karɓe, bai zalunce ni ba. In ko zagi ne kawai, ya hau jaki ya zo ya yi shi nan. Akwai abin jiƙa maƙoshi."